Horon malamai ta waya: wa ya taɓa yi?

Malamar Aji Uku, Zariya:
Assalamu alaikum malamai. Hedimastanmu ya ce horon hutun bana ba za a tara mu a cibiya ba, ta Zoom za a yi, kwana biyar. Ni dai WhatsApp kaɗai na iya, sai ɗan leƙen Facebook. Don Allah waɗanda suka taɓa yi ku faɗa mini gaskiya, ana ƙaruwa kuwa, ko sunan an yi ne kawai?

Malam Na Lissafi, Gusau:
Wa alaikumus salam Malama. Na yi sau biyu. Na farko a 2020, bayan an rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Mun haura ɗari a ciki, mai koyarwa yana ta zuba Turanci, muryarsa na yankewa, wani ya bar makirfonsa a buɗe muna jin awakinsa. Kafin azahar data ta ƙare mini. Na biyun kuma muna tsaka da shi aka rufe layukan waya a Zamfara, a watan Satumba na 2021, shi ke nan ya bi ruwa. Ki kashe kyamara, ita ke shanye data da caji.

Hajiya Mai Alli, Kano:
Ƙanwata, kada Malam ya karya miki gwiwa. Ni a NTI, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, na yi NCE ɗina, karatu daga nesa, tun ba a san wayar shafa ba. Littattafai ake ba mu, ƙarshen mako mu haɗu a cibiya. To wannan ma haka yake, takarda ce ta koma waya. Amma in faɗa miki, ba laccar ce ta amfane ni ba, ɗan zauren WhatsApp ɗin da muka buɗe bayanta ne, mu goma sha biyu, duk masu koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Wata ta ɗauki muryarta tana koya wa yara bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da waƙa da tafi. Na saurara sau uku ina tuƙa tuwo, washegari na gwada. Shekara ashirin ina aji, ban taɓa ganin yara sun kama abu da sauri haka ba. Saƙon murya ba ya cin data, kuma yana jiranki har ki gama aikin gida. Zoom kuwa ba ya jiran kowa, in maigida ya dawo ko goyo ya tashi, darasi ya wuce ki.

Ɗan N-Teach, Bauchi:
Hajiya ta yi gaskiya. Mu 'yan N-Power na farko, shirin nan na gwamnati na ba matasa aiki, ɓangaren koyarwa (N-Teach), har kwamfutar hannu muka samu da darussa a ciki, ba sai da intanet ba. Wasu cikinmu sun karanta, wasu kuwa kallo suka mayar da ita, ni ma ban wanke kaina ba. Inda ta yi mini rana shi ne jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, don a kwamfuta ake yin ta. Na ga dattijo a gefena, ya san amsa sarai, amma hannunsa na rawa a kan linzami har lokaci ya ci shi. Malama, ko don wannan kaɗai ki saba da abin.

Malam Na Lissafi, Gusau:
Ni fa ban ce ba shi da amfani ba, Hajiya. Tambayata ita ce, wa zai biya data? Da can in an kira horo akwai kuɗin mota da abinci. Yanzu an ce zauna a gida, kuma a farkon 2025 aka ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin mai caji. Malamin firamare ne ke ɗaukar nauyin horon kansa.

Jami'ar Walwala, Maiduguri:
Ni ba malama ba ce, aikin jin daɗin jama'a nake yi, amma mu ma ta waya aka horar da mu. Wata manhajar waya mai suna KoboCollect muke amfani da ita wajen rajistar gidaje: ki cike fom a unguwa ko babu sabis, in kin samu sai ki tura. Ta raba mu da buhunan takardu. Abu ɗaya zan roƙe ku: hoton yara. Wata abokiyar aikina ta sa hoton marainiya a zaurenmu don neman shawara, kwana biyu sai ga shi a Facebook da labarin da ba nata ba. Har gida dangin yarinyar suka zo. In za ku ɗauki aji, ku ɗauki allo, ko ku tsaya ta bayan yara.

Mushe (malamin makaranta), Maraɗi:
Mu nan Nijar da Faransanci ake turo takardun horo. Abin da muke yi, wanda ya fi mu ganewa sai ya mayar da shi Hausa da murya. Ran kasuwa nake shiga gari in sauke duk abin da ya taru, in koma ƙauye in yi ta saurare har mako ya zagayo.

Hajiya Mai Alli, Kano:
Af, na manta. Duk zauren da kuka buɗe ku kafa doka tun ranar farko: ban da tallan atamfa, ban da siyasa, ban da saƙon "tura wa mutum goma". Namu na farko abin da ya kashe shi ke nan.

Malamar Aji Uku, Zariya:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru tun kafin a fara. Na yi magana da malamai uku na unguwarmu, za mu riƙa haɗuwa a gidan mai sola mu kalla a waya ɗaya, mu raba kuɗin data. Hajiya, don Allah a sa ni a zaurenku, ina son jin waƙar k da ƙ ɗin nan kafin a koma makaranta.