Flagyl ne ya daina min aiki ko ciwon ne ke dawowa?

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a taimaka min. Tun bayan sallah nake fama da ciwon sanyi, ruwa na fita mai ɗorawa-ɗorawa da kumfa ga ƙarni ga ƙaiƙayi, in zan yi fitsari kuma zafi. Na je asibiti aka yi gwaji aka ce trichomonas ce, aka bani Flagyl guda biyar na shanye lokaci ɗaya, abin ya lafa, ba a jima ba ya dawo. Na je kemis ɗin layinmu ya sake bani, yanzu ko lafawa baya yi sosai. Maƙociyata tace wai jikina ne ya saba da maganin, kuma wai a banɗakin haya na ɗauka. Wlh abin ya dameni.

Anti Nas, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu Allah ya baki lafiya. Tambaya ɗaya kafin komai, maigida ya sha maganin? In kina da abokiyar zama ita fa? Domin wannan cutar ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, maganar banɗaki ki ajiye ta gefe. Matsalar ita ce yawancin masu ɗauke da ita, wajen kashi 70 cikin ɗari, basa jin komai a jikinsu musamman maza, sai kiga mace ta sha magani ta warke tsaf miji ya sake dawo mata da ita shi kuwa yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kuma ba ƙarya yake ba don baya jin komai. A gidan mata biyu ko uku haka za ta yi ta zagaye ɗaki ɗaki.

Sannan wancan shan lokaci ɗaya da aka miki, tun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta mayar da na mata sau biyu a rana har kwana 7 saboda an ga ya fi kashe ta. Na lokaci ɗaya an bar wa maza.

Malam na Lab, Obalende:
Anti Nas ta faɗi gaskiya, mafi yawa sake ɗauka ne. Amma Hajiya jurewar ma akwai ta, sai dai ba jikinki ne ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce ke taurin kai. An fara amfani da metronidazole, wato Flagyl, wajen 1960, zuwa 1962 har an samu wadda bata jinsa. Yanzu ana ƙiyasin kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari ne ke jure masa, wani maganin cutar da ake kira tinidazole kuwa kusan kashi 1. Shi maganin sai ya shiga cikin ƙwayar ita da kanta take kunna shi ya zama mata guba, to masu jurewar sun rage wannan kunnawar. Abin da ke bani tsoro shi ne Flagyl, tinidazole da secnidazole duk dangi ɗaya ne, babu wani gidan na daban da za a gudu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta sabon kamu miliyan 156 a 2020 kaɗai, kinga ba ƙaramar cuta bace.

Ki koma a sake gwaji kafin ki ƙara shan komai, don kandida, wani ciwon sanyin ne daban, ita ma na sa ƙaiƙayi kuma Flagyl baya taɓa ta. In an ɗebi ruwan a duba nan take, in ya daɗe a ajiye ƙwayar na daina motsi sai a ce babu.

Baban Khalifa, Mile 12:
Gaskiya mu ma da laifinmu. Mutum cikinsa ya ɗan murɗa sai ya aika yaro a siyo Flagyl guda biyu da ja da rawaya, ya sha yau gobe ya watsar. Irin wannan shan barkatai ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Allah ya kyauta.

Maman Ilham, Agege:
Nagode sosai. Gaskiya bai sha ba, kuma mu biyu ne a gidan. Ni tsorona kar in faɗa ya ɗauka zarginsa nake ko ita tace sharri na mata.

Anti Nas, Idi-Araba:
Na fahimceki ƙanwata. Kar ki ɗauki maganar ke kaɗai, ki lallaɓa shi ku je asibiti tare likita ya masa bayani da bakinsa, maza sun fi jin ta haka. Cutar kan yi watanni har shekaru a jiki shiru, babu mai iya nuna wanda ya fara kawo ta, ki faɗa masa hakan. Ku ukun ku sha a lokaci guda, a haƙura da kwanciya sai kowa ya gama kuma alamun sun tafi, bayan wata 3 ki sake gwaji ko kin ji garau. In an yi duk wannan bata tafi ba to a nan likita zai ƙara ƙarfin maganin ko ya koma tinidazole, kar ki ƙara da kanki a kemis. Kada ki yi sanya don tana sauƙaƙa kamuwa da HIV, ga mai ciki kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini. In akwai mai ciki ko shayarwa a cikinku a faɗa wa likita kafin ya rubuta.