Na ce ta ba ni yaran in kama mata, tun ranar ta sauya min fuska

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Matar ƙanena ta haihu sati 6 da suka wuce, ga kuma yara biyu a gabanta, mai shekara 5 da mai shekara 3. Ranar da na je duba ta, na tarar da ita da jariri a kafaɗa, idanunta jajir don rashin barci. Ƙaramin yana birgima a ƙasa yana tsala ihu saboda ta karɓe waya a hannunsa, ga wankakkun kaya jibge a kujera ba a ninke ba. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Ki ba ni waɗannan biyun su yi min sati, na ga sun fi ƙarfinki." Ta yi murmushin yaƙe ta ce, "Mun gode Yaya, muna iyawa." Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile. Wallahi alheri na nufa. Shin tayin taimako da 'ya'yan ɗan uwa raina tarbiyyar iyayensu ne? Ko in janye hannuna gaba ɗaya?

Wata uwa mai 'ya'ya huɗu:
Wa alaikumus salam. Tayin ba shi da laifi, wutsiyar da kika maƙala masa ce ta ɓata shi. "Sun fi ƙarfinki" ita ce maganar da mai jego take faɗa wa kanta da tsakar dare tana kuka. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, sai ki lissafa barcin da ya rage mata. Tana cikin wannan hali sai ga yayar mijinta ta furta abin da take tsoro a fili. Ba taimako ta ji ba, hukunci ta ji, kuma a ranta tana cewa gobe duk dangi sun ji labari.

Wani magidanci:
Ni dai ina ganin an cika saurin fushi yanzu. Ɗa na kowa ne, kuma 'ya'yan ƙanenki 'ya'yanki ne. Ki samu ƙanen naki ki yi masa bayani, shi ya fahimtar da matarsa.

Mai 'ya'ya huɗun ta sake cewa:
A'a malam, kada ta bi ta nan. Da zarar miji ya shigo da "Yaya ta ce", magana ta zama ƙara. Tsakaninsu aka yi, tsakaninsu za a gyara.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Bari in ɗan kare matar nan. Birgima da ihu a shekara 2 zuwa 3 ba alamar lalacewar tarbiyya ba ce, shekarun ne, kuma abin yakan ƙaru idan aka yi wa yaro ƙane, don yana ganin an ƙwace masa uwa. Ki ɗauke shi sati guda a daidai wannan lokaci, zai iya fassara shi da cewa an kore shi ne saboda baƙon. Wayar da ta karɓe kuwa daidai ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana yana kallon allon waya ko talabijin. Kin ga kenan lokacin da kika ɗauka ta gaza, aikinta take yi.
Abu ɗaya zan roƙe ki, ki sa ido a kanta ita kanta. Hukumar ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu kan shiga matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Idan yawan kuka da ƙunci suka wuce sati 2, ko ta daina jin daɗin komai, a lallaɓa ta ta ga likita.

Wata kaka:
'Yata, na yi irin kuskurenki da surukata, har da gyara wa jikana zama a gabanta, na sha kunya daga baya. Abin da na koya shi ne ka taɓa aikin, kada ka taɓa matsayin. Ki je ki ce, "Ranar nan bakina ya yi kuskure, ki yafe min." Sannan ki tambaye ta me zai rage mata nauyi, ki bar ta ta zaɓa. In ta ba ki yaran, dokarta za ki bi, lokacin barcinsu da abin da ta hana su, ko da ba haka kika reni naki ba. Abin da kika gani a ɗakinta kuma ya tsaya a ɗakinta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Jiya na je, na ba ta haƙuri, na zauna ina ninke kaya muna hira. Sati gudan dai ba ta yarda ba. Amma da zan tafi ta ce in da hali in riƙa ɗauko babban daga makaranta ranar Talata da Alhamis, ƙaramin kuma a bar mata abinta tukuna.