Me za mu kira "multidimensional array" da Hausa?

Malamai da abokan karatu, ina neman ra'ayinku a kan wata kalma da ta daɗe tana ba ni wahala duk sa'ad da zan bayyana wa ɗalibi harshen rubuta manhaja na C ko Java da Hausa. A kan array ba ni da wata shakka, domin "jeri" ya wadatar: gurabe ne a jere ƙarƙashin suna ɗaya, kowane gurbi da lambarsa. Matsalar tana kan multidimensional, wato jerin da sai an ba da lamba fiye da ɗaya kafin a isa gurbi a cikinsa.

Na fara da "jadawali", kuma ya yi daidai da int a[3][4], wato sahu 3 masu gurbi 4 kowanne, gurabe 12 ke nan. Sai dai jadawali tsawo da faɗi kawai ya sani. Hoton kwamfuta mai launi kuwa lamba uku ake bukata kafin a kai ga gurbi guda a cikinsa: sahu, da matsayin ɗigo a sahun, da launi, ja ko kore ko shuɗi. A nan jadawali ya gaza.

"Jeri mai fuska biyu" ban daɗe a kansa ba, tunda kowa ya san wanda ake kira mai fuska biyu.

"Jeri mai hawa biyu" ya fi daɗin ji, har na kusa tsayawa a kansa, amma wanda ya ji shi bene zai hango, sai ya ɗauka sahu biyu ake nufi, ɗaya a kan ɗaya, alhali jerin yana iya ɗaukar sahu dubu bai tashi daga yadda yake ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne yawan lambobin da za a bayar kafin a isa gurbi.

Saboda haka nake ba da shawarar "jeri mai matakai", a ce mai mataki biyu, mai mataki uku. Idan aka rubuta a[2][1], matakin farko ya zaɓi sahu, na biyu ya zaɓi gurbi a cikin sahun, kuma da yake ƙirga a C daga sifiri take farawa, sahu na uku ne, gurbi na biyu. A Java sunan ya fi zama daidai, domin can jeri ne na jeruka, har ma sahu ɗaya yana iya fin wani tsawo.

Akwai inda sunan ya ɗan yi rauni, kuma gara in faɗa da kaina. A C gurabe 12 ɗin nan a miƙe suke cikin ma'ajiyar kwamfuta, sahu bayan sahu, kuma lissafi ɗaya ne, 2 sau 4 a ƙara 1, yake kai mutum gurbi mai lamba 9. Harshen Fortran kuwa layin tsaye yake bi wajen ajiya. Duk da haka mai rubuta manhaja da matakai yake tunani, kuma shi muke nema wa kalma. Wanda ke da wadda ta fi wannan, don Allah ya gwada ta a kan misalin hoton tukuna.