Yarinyar Nutbush: Musayar Waƙa Kan Tina Turner

Jikar Iya:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu ke nan ina juya labarin Tina Turner a raina, mawaƙiyar Amurka da ake wa kirari da sarauniyar kiɗan rok, wadda ta rasu ranar 24 ga Mayu, 2023 tana da shekara 83. Sunanta na yanka Anna Mae Bullock, an haife ta ranar 26 ga Nuwamba, 1939. Yarintarta ce ta tsaya mini a maƙogwaro, don ni ma a ɗakin kaka na tashi. Ga ƙwar biyu, amsa-amona "ba". Wanda ya ji a jikinsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda bai taɓa barin bawa ba.

Nutbush ƙauye ne a Tennessee,
Taswira ba ta cika nuna shi ba.

Gonakin auduga gabas da yamma,
Baƙaƙe ke noma, ba nasu ba.

Nan Anna Mae ta yi wayo,
Ba a yi ɗokin zuwanta ba.

Ita da bakinta ta sha faɗi,
Uwar ba ta so cikin nan ba.

Floyd uba, shi ke duba manoma,
Zelma uwa, gidan bai zaunu ba.

Dare ya yi sai faɗa da duka,
Yara a lungu ba su runtsa ba.

Lokacin yaƙin duniya na biyu,
Iyaye sun yi Knoxville, ba da ita ba.

Aka kai ta gun kakannin uba,
Masu tsanani, ba su san wasa ba.

Ta ja buhun auduga a rana,
Buhun ya fi ta, ba ta ajiye ba.

Lahadi ta tsaya cikin mawaƙan coci,
Muryar da ta fito ba ta yara ba.

Flagg Grove makaranta, ɗaki ɗaya tal,
Ba a haɗa su da farare ba.

Tana sha ɗaya, a 1950,
Uwa ta fice, ba ta yi sallama ba.

Shekara biyu uba ya bi sahu,
Ya yi Detroit, bai ɗauke su ba.

Kaka Georgeanna ta buɗe ƙofa,
Ba ta ce ɗakina ya cika ba.

Ni na san zaman jiran uwa,
A ji motsin ƙofa, a ga ba ita ba.

To malamai, me za a ce da Zelma?
Ni zuciyata ba ta yafe mata ba.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ga tawa, ƙwar huɗu.

Sannu 'yata, na ji baitinki,
Na ji ciwon da ke cikin ranki,
Bari in ɗora bisa zancenki,
Don labarin na da sauran tafiya.

Tana sha shida kaka ta kwanta,
Mutuwa ta zo ta ɗauke gatanta,
Sai ga Zelma ta waiwayo 'yarta,
Suka zauna St. Louis, birnin hayaniya.

A Sumner ta gama karatunta,
Asibiti ya zama wurin aikinta,
Da dare kuma Alline, yayarta,
Kan ja ta hayin kogi kallon duniya.

Can Ike Turner ke riƙe da fage,
Ta so ya ji ta, ya kauce gefe,
Ran nan aka miƙo makirfo ta karɓe,
Ɗaki ya yi tsit don wannan murya.

A 1960 faifansu ya fita,
Ike ya sauya mata sunanta,
Har ya yi wa sunan rajista,
Don in ta gudu ya ɗora wa wata ɗiya.

Ga abin da nake gani, 'yata,
Ƙarfe ba ya laushi sai ya sha wuta,
Zinariya ma sai an narka ta,
Wahala ce ta ƙera mawaƙiya.

Da ta tashi a gata da daula,
Ba ta san maraici ba balle wahala,
Ina za ta samo wannan ƙwalla,
Da ke kwance a muryar kamar ruwan rijiya?

Mai haƙuri kan dafa dutse,
Ya sha romonsa a natse,
Hanyar uwa da 'ya in ta ratse,
Ki bar wa Allah hukuncin zuciya.

Ɗan Zongon Nima:

Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Mu nan ba a faifai kaɗai muka san ta ba, ta taka ƙasarmu. Ranar 6 ga Maris, 1971, Gana na cika shekara 14 da samun 'yanci, aka yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, ita da mijinta Ike suna cikin baƙin da suka zo daga Amurka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana wurin. Malam, ka yi haƙuri da ƙarshen baitina.

Babana tela ne a Nima,
Ya rufe shago, ya ce yau ba ɗinkawa.

Ya taka har dandalin bakin teku,
Ba masaka tsinke, jama'a da yawa.

Aka kwana kiɗa har gari ya waye,
Ga Wilson Pickett, ga Santana na kaɗawa.

Da Tina ta hau da 'yan amshinta,
Ya ce ƙasa ya ji tana motsawa.

Murya da kaushi kamar dutsen niƙa,
Ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa don rawa.

Har ya tsufa in an kira sunanta,
Sai ya ajiye almakashi yana tunawa.

Abin da Baba bai sani ba ran nan,
A gida duka ne abincin baiwar Allah kuwa.

Shekarun nan hoda kan rufe tabo,
Ta fito gaban jama'a tana murmusawa.

An yi tafi, an biya kuɗin ƙofa,
Babu mai tambayar halin mai rerawa.

Malam, in wannan ce makarantar,
Allah ya tsare 'yata da zuwa.

Gwaggon Damagaram:

Ɗan Zongo, Allah ya jiƙan mahaifinka. Malam, na jima ina karanta baitocinka ina jin daɗi, amma na yau ba zan bari ya wuce ba.

Malam, ka yi mini gafara,
Baitinka yana son gyara,
Kalmar nan da ka ɗora,
Ita muke faɗa wa yara,
Mu mayar da su gidan zalunci.

Shekara sha shida tana ciki,
Ga duka ga tsananin aiki,
Dare a dandali, rana a ɗaki,
Yara maza huɗu na buɗe baki,
Kuɗi na hannun Ike, ita sai ƙunci.

A Dallas, a Yuli, cikin mota,
1976, ya sake kai mata,
Ran nan ta rama da hannunta,
Jini ya ɓata farar rigarta,
Suka shiga otal, ya kwanta barci.

Ta lallaɓa ta fice a hankali,
Ba akwati, ba ɗauri, ba kwali,
Ta keta titi, manyan motoci na walwali,
Ta isa wani otal, fuska duk kumburi,
Da senti 36 ta sayi 'yanci.

Manaja ya ba ta ɗaki ta kwana,
Ya yarda da ita bisa amana,
A kotu, 1978, ta taƙaita magana,
Ya riƙe dukiya, ta riƙe suna,
Ta ɗau bashi, ta ɗau talauci.

Ta yi shara a gidajen ƙawaye,
Ta ci tallafin abinci, ba ta ɓoye,
Ƙananan zauruka ta bi su a tsaye,
Shekara takwas kafin gari ya waye,
Nan haƙurin yake, mai mutunci.

Baiwar Allah ce muryarta,
Tun a coci take abinta,
Duka bai ƙara komai a kanta,
Sai dai ya cinye ƙuruciyarta,
Kar a ce zuma, alhali maɗaci.

Ba daga littafi na san wannan ba. 'Yar ƙanwata sau uku tana yaji, sau uku muna riƙo hannunta muna mayar da ita, har da ni, muna cewa aure ɗan haƙuri ne. Na huɗu a gadon asibiti muka same ta, hannu a ɗaure, ido ɗaya a rufe. Da ta gan ni sai ta juya fuska bango. Har gobe in na tuna juyin nan sai jikina ya yi sanyi.

Ke kuma 'yata, batun Zelma,
Ki sake duba shi da kyau ke ma,
Abin da ya kori 'ya ya kori uwa ma,
Ƙofar da ta bi, 'yar ta bi ita ma,
Shekara 26 ce tazarar lokaci.

Malam Mai Alli:

Yaya, kin faɗi gaskiya. Allah ya ba 'yar taki lafiya.

Na karɓi gyara, Yaya, na gode,
Alli ya kuskure, hannu ya goge,
Karin maganar na ajiye shi gefe,
Ban halasta dukan mace ba, ko ɗaya.

A 1984 ta dawo fage,
Tana 44, ana cewa ta shige,
Faifan Private Dancer ya yi fice,
Waƙarta a Amurka ta hau lamba ɗaya.

A Rio, a filin Maracanã,
Mutum 180,000 ke kiran suna,
Janairun 1988, ba ƙarin magana,
Mai tsinkar auduga ta cika duniya.

Abu ɗaya dai ban janye ba, Yaya,
Uwa uwa ce ko ta juya baya,
Shi ya sa na ce wa wannan ɗiya,
Ta sassauta, kar ta kulle zuciya.

Ɗan Zongon Nima:

Gwaggo, akwai namiji na biyu a labarin,
Wanda ya cancanci ambatawa.

Erwin Bach, Bajamushe, ɗan kamfanin faifai,
Ta girme shi da sha shida, bai damu ba kuwa.

A 2013 aka ɗaura musu aure,
A Suwizalan, bakin tafki, ta sami natsuwa.

Ba a jima da biki ba ɓarin jikinta ya shanye,
Ta koma koyon tafiya da tsayuwa.

Ciwon daji ya biyo, ƙoda ta gaza,
Likita ya ce sai an yi dasawa.

A 2017 ya kwanta aka yanka shi,
Ya ba ta ƙodarsa, kyauta ba sayarwa.

Wancan ya ɗaga hannu ya fasa mata baki,
Wannan ya ba ta tsokar jikinsa don rayuwa.

Jikar Iya:

Na gode muku duka. Gwaggo, na yi shiru ne don baitinki na ƙarshe ya taɓa inda ban shirya ba.

Gwaggo, na karanta har sau uku,
Na kwanta, ido bai rufu ba.

Ban taɓa auna gudun Zelma
Da mudun da na auna na 'yarta ba.

Na yarda duka ne ya kore ta,
Ba ta fita don neman daɗi ba.

Amma yarinyar da ke bakin taga,
Ba a yi mata wannan bayani ba.

Tina ta samu, ta saya wa uwa gida,
Ba ta rama da rowa ba.

Zelma ta rasu a 1999,
Tazarar ba ta gama rufewa ba.

Tina ta tsufa tana faɗi a fili,
Ba ta ji ɗumin uwa a jikinta ba.

Biyu ta haifa, biyu na miji ta riƙa,
Hanya ba ta bar ta ta zauna da su ba.

Craig ya tafi a 2018,
Ronnie 2022, ba su binne ta ba.

Wata biyar bayan Ronnie ta bi su,
A Küsnacht ta Suwizalan ta cika, ba Nutbush ba.

Ɗakin makarantar nan an ɗauke shi,
Yana Brownsville, ba a rushe shi ba.

Rigunanta na ciki ana kallo,
Kusa da bencin da ba a sauya ba.

Tawa uwar tana raye, Malam,
Tafiyar awa biyu ce, ba nisa ba.

Shekara talatin ina gaishe ta,
Ban taɓa tambayar me ya kore ta ba.

Na sayi turmin atamfa da sabulu,
Juma'a zan je, ba zan dawo ranar ba.