Inda Ake Samun Garaus Lokacin Farautar Talotalo

Maharban jihohin Pennsylvania da Michigan a Amurka sun yi ittifaƙi cewa talotalon daji da garaus, tsuntsu mai kama da makwarwa, ba mazauni ɗaya suke so ba. Talotalo na kiwo ƙarƙashin manyan bishiyoyin ok. Shi kuwa garaus sai sarƙaƙiya: dajin da aka sare shekara 5 zuwa 20 baya, musamman na bishiyar asfen, mai tsiro cunkus.

Don samun garaus, a bi gefen rafi da inda sabon daji ya haɗu da tsoho, a duba inabin daji. Yawanci sauri ke sa a wuce tsuntsun. Ka riƙa tsayawa, shirun ne ke firgita shi ya tashi. Harsashi mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 7½, ya wadatar, na talotalo kan ɓata naman.