Musayar waƙa a kan cin abincin dare a Zoo Road

Ɗan Jakara: Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, titin Zoo Road na Kano ya zama matattarar matasa da daddare, kuma a kan haka na buɗe wannan fage.

Samarin Zoo Road ku tsaya ku ji ni,
Gurasar Jakara kun bar ta baya,
Kuna layi a kan shawarma,
Kuɗin wuni guda ku kashe a ɗaya.
Ku ɗau hoto kafin bismilla,
Abinci na hucewa kuna kan waya,
Tuwon gida yana rufe a kwano,
Inna ta tuƙa shi da shan wuya.

'Yar Gandun Albasa:

Baba na Jakara, ka yi haƙuri,
Daga nesa ka leƙa ka juya baya,
Da ka shigo da ka ga 'yan mata
A zaune da mutunci, babu hayaniya.
Wurin mai tsire mace ba ta zama,
Sai a ƙunshe mata ta kama hanya,
A nan muke haɗuwa da ƙawaye,
Mu ci da guminmu, babu kunya.
Gurasar da kake taƙama da ita,
Larabawa suka kawo ta tun jiya,
Shawarma ma baƙuwar Sham ce,
Gida guda suka fito, uwa ɗaya.

Na-Gwale: Allah ya ƙara basira, 'yar'uwa. Baitinki na ƙarshe ya rufe bakin duk masu ganin cewa abin da kakanninsu suka ci shi kaɗai ne abinci.

Ɗan Jakara: 'Yata, ban musa batun mutunci ba. Damuwata aljihu ce, domin harajin VAT ya koma kashi 7.5 tun 2020, sannan janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ɗaga farashin komai.

Ki duba ƙasan takardar kuɗi,
Haraji yana nan kafin ki biya,
Ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa,
Ɗan makaranta ina zai iya?
Bandashe da ƙuli da man gyaɗa,
Da albasa da yaji a faranti ɗaya,
Ya riƙe cikin lebura har la'asar,
Naku kafin asuba ya zama ƙarya.

Malam Mai Alli: Ina neman afuwa, amma kafin a ci gaba sai an gyara kari. Ɗangon da ya ƙare da "hayaniya" gaɓa 13 ne, alhali wanda ya gabace shi gaɓa 10 ne, kuma duk wanda ya rera baitin zai ji inda numfashi ya sarƙe.

Na-Gwale: Malam, a aruli, wato ilimin awon waƙa, ana auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi ne, ba a tsaya ga ƙirga kawai ba. In kuwa ƙirgar za a bi, ɗangon farko na Ɗan Jakara 11 ne, na ukunsa 9, amma ba ka ce masa uffan ba saboda ra'ayinku ɗaya.

Malam Mai Alli: Ban zo da ɓangaranci ba. Nasa yana ɗingishi, nata ya karye, kuma akwai bambanci tsakanin biyun.

Mai Kai Faranti: Na makara domin yanzu muka rufe. Ni a ɗaya daga cikin gidajen abincin Zoo Road nake aiki.

Baba, kana ƙirga kuɗin masu ci,
Ba ka ƙirga mu masu ɗawainiya,
Daga magariba muna tsaye da tire,
Janareta na ruri, zafin kicin na suya.
Da wannan albashi nake karatu,
Da shi na sai wa ƙanwata magani jiya,
In samarin nan suka bi shawararka,
Wa zai ɗauke ni aiki a Jakara ɗaya?

Malam Mai Alli: "Jakara ɗaya" cikon amsa-amo ne kawai, ɗana, ba shi da ma'ana a wurin.

'Yar Gandun Albasa: Malam, a bar yaron nan ya sami amsarsa tukuna. Baba Ɗan Jakara, tambayar taka ce, kuma muna son amsar ta zo a waƙe.