Fatsa a tafkin Gidimuni lokacin hutun Disamba

Tambaya daga Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da niyyar kai iyalina wajen iyayenmu a ƙauye idan an ba da hutun makaranta na ƙarshen Disamba, kuma ina son mu yini guda a tafkin Gidimuni, domin yara su ga yadda ake fatsa. Shin lokacin ya dace, kuma me ya kamata in tanada?

Amsa daga Mirriya:
Wa'alaikumus salam, Malam. Lokacin ya dace, domin an gama kaka, mutanen ƙauye sun samu sarari, ruwan damina kuma bai ja baya sosai ba. Sai dai hunturu yana da ƙarfi da asuba, saboda haka ka tanadi rigunan sanyi. Ƙugiya ƙarama da tana sun isa kamun karfasa, amma tarwaɗa ta fi cin ƙugiya idan rana ta yi sanyi.

Amsa daga Gidimuni:
Idan kun iso, Malam, ka fara gaisawa da masuntan wurin kafin ka jefa ƙugiya, su nuna maka gefen da babu komarsu, ka kuma tambayi ma'aikatan gandun daji batun izini. Abin da ya fi damuna shi ne yara: kada su shiga ruwan, domin tsargiya a ruwan kwance ake ɗaukarta, kuma laka tana riƙe ƙafa. Ku zo da ruwan shanku.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan nemi izinin tun kafin mu taso.